Daga Skudai zuwa Penang a kan roba-roba: wace gada zan hau, kuma yaya iskar teku take?

Bahaɗeje ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a Malesiya, musamman masu hawa babur.

Ina karatu a Skudai, jihar Johor. Bara na sayi Yamaha LC135 na hannu wurin wani ɗalibi da ya gama zai koma gida, irin wanda muke ce wa roba-roba. Da shi nake zuwa makaranta da masallaci da cefane, kuma iyakar nisan da na taɓa kai shi Pontian ne. Yanzu aminina da muka taso unguwa ɗaya ya kammala digirinsa na uku a jami'ar USM da ke tsibirin Penang, za a yaye su, daga nan ya tattara iyalinsa ya koma Najeriya. Na yi masa alkawarin zan je. Raina kuma ya kwanta a kan in je da babur ɗina, don tun da na zo ƙasar nan ban ga komai nata ba sai aji da ɗakin gwaji.

Taswira ta nuna mini kusan kilomita 700. Wannan bai dame ni kamar gadar ba. An ce gada biyu ce ke shiga tsibirin, ɗaya kilomita 13 da rabi, ɗaya kilomita 24, duk a kan teku. Ni mutumin Haɗeja ne, ruwan da na sani kogi ne da fadama. In na tuna zan yi ta tafiya a kan ɗan ƙaramin babur, dama ruwa hagu ruwa, sai gabana ya faɗi.

Don Allah wace gada ta fi dacewa da ni? Iska tana iya ture ƙaramin babur? Ana biyan kuɗi? Kuma tafiyar za ta yiwu a yini ɗaya? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mahayi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa karatun abokinka albarka, kai ma Allah ya nuna mana naka.

A Seberang Perai nake zaune, wato ɓangaren jihar Penang da ke tsallaken ruwa a babban yanki, aikina kuma a cikin tsibirin yake, saboda haka gadojin nan biyu hanyar neman abincina ce. Na kuma hau babur har Johor na dawo. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, gadar tana zuwa ne a ƙarshen tafiya, lokacin da ƙarfinka ya ƙare. Wanda ya yi barci ya ƙoshi, ya iso bakinta da hantsi, zai sauka yana cewa da ma a ƙara masa. Wanda ya baro Skudai da asuba ya iso da magariba, wuya ya sage, yatsu sun mutu saboda jijjigar inji, ga hadari ya haɗo daga teku, shi nake ji wa tsoro, ko da kuwa gadar kilomita ɗaya ce. To bari in bi tambayoyinka, sannan in dawo kan wannan.

Ka hau ta biyu. Sunanta gadar Sultan Abdul Halim Muadzam Shah, an buɗe ta a watan Maris na 2014, tana tashi daga Batu Kawan ta sauka a Batu Maung, kuma a cikin kilomita 24 ɗin nata kusan 17 a kan ruwa suke. Na san ita ce doguwar da ke faɗar maka da gaba, amma tana da abin da ta farkon ba ta da shi: layin babura na musamman a kowane ɓangare, da shinge tsakaninsa da motoci. Babu tirela a bayanka tana danna maka oda, babu mai motar da zai yanko gabanka. Ta farkon, wadda aka buɗe a 1985, ta fi gajarta kuma a Gelugor take sauke ka, dab da USM, shi ya sa taswirar waya za ta iya tura ka can. Amma a kanta cakuɗe kake da motoci, layi uku kowane ɓangare, kuma safe da yamma ma'aikatan masana'antun Perai da Bayan Lepas suna cika ta maƙil. Kafin ma ka kai ta sai ka ratsa cunkoson Juru. Kai da ke tahowa daga kudu, mahaɗar gada ta biyu za ka fara tararwa, alamar na nuna Bandar Cassia. Ka bi ta. In ka sauka a Batu Maung, babban titin Lim Chong Eu zai miƙe da kai arewa ta bakin ruwa har Gelugor.

Babur ba ya biyan ko sisi. Da can ana karɓar ringit 1.40 a ta farko da 1.70 a ta biyu, aka soke daga 1 ga Janairu 2019. Babban titin PLUS, wanda za ka biyo daga kudu zuwa arewa, shi ma ba ya karɓar kuɗi daga babur. In ka zo tolget akwai 'yar siririyar hanya a gefen hagu, ta nan za ka zagaye, kada ka bi bayan mota ka ratsa ƙarƙashin sanda.

Iska akwai ta, ba zan ɓoye maka ba. Amma mashigin nan tsakanin tsibiri da babban yanki yake, ba buɗaɗɗen teku ba ne, kuma a ranar da sama ta washe abin da za ka ji turi ne daga gefe, ya zo ya tafi. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne ƙanƙame kan babur da duk ƙarfinsa. In ka ƙanƙame, turin da iska ta yi wa kafaɗarka sai ya bi hannunka ya shiga ƙafar gaba, babur ya fara tangaɗi, kai kuma ka ƙara ƙanƙamewa. Ka saki gwiwar hannunka, ka ɗan duƙa, ka matse ƙafafu a jikin babur, ka bar shi ya ɗan kwanta wa iskar da kansa. Kada ka danne birki, kada kuma ka sake totur gaba ɗaya. In ka ji ta matsa, sauko da giya ɗaya domin inji ya ci gaba da ja. Idonka ya tsaya can gaba inda kake son zuwa, don inda ido ya kalla nan babur yake bi, kuma mai kallon ruwa shinge yake nufa. Kaya kuma kada ka tula su a baya su yi tsiri. Mai nauyi ya shiga kwandon da ke tsakanin ƙafafunka, sauran ka ɗaure su a kwance a kan kujera da igiyar roba.

Akwai haɗin ƙarfe da ke gitta titin nan da can, inda sassan gadar suka haɗu. An bar su ne don gada ta samu wurin miƙewa da tsukewa idan ta ɗau zafi ko ta huce. A bushe ba komai ba ne, sai dai ka ji gaf a ƙarƙashinka. In sun jiƙe suna da santsi, sai ka tsallake su babur a tsaye, hannu ba a kan birki ba.

Bari in gaya maka abin da za ka gani, don ya zama ba baƙo ba ne a idonka. Daga Batu Kawan za ka fara bi ta kan taɓo da itatuwan bakin ruwa, warin gishiri da laka ya shigo maka ta ƙarƙashin hular kwano, musamman in ruwa ya janye. Sai ƙasa ta ƙare. Ruwan ba shuɗi ba ne, kore-kore ne mai duhu, da 'yan kwale-kwalen masunta a warwatse, ga ɗan tsibirin Pulau Aman kana hangowa. Gadar ba a miƙe take ɗoɗar ba, tana karkata nan ta karkata can, har kana ganin ginshiƙanta a jere a gabanka inda ba ka kai ba tukuna. An ce da gangan aka lanƙwasa ta don kada direbobi su yi gyangyaɗi. Duwatsun Penang suna gabanka tun daga farko, suna girma a hankali, jiragen sama kuma suna saukowa ƙasa-ƙasa don filin jirgin Bayan Lepas yana kusa da inda za ka sauka. Can gaba titin zai hau sama, wurin dogayen turaku masu igiyoyin ƙarfe, inda aka ɗaga gadar don jiragen ruwa su wuce ta ƙasa. A nan iska ta fi ƙarfi, sai ka shirya mata tun kana hawa. Duka-duka abin minti ashirin ne da 'yan kai. An hana tsayawa a kai sai da larura, kuma layin ba shi da faɗin da za ka tsaya ɗaukar hoto na bayanka ya wuce lafiya.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka. Kilomita 700 ya fi Kano zuwa Maiduguri, kuma za ka yi shi ne a kan babur mai cc 135 da kujerar da aka yi don zuwa kasuwa. Akwai samarin ƙasar nan da ke yin sa a yini ɗaya, har su wuce Tailan. Su a kan babur suka girma, a ayari suke tafiya, kuma ba duka ne ke komawa gida ba. Kada ka yi koyi da su.

Tankinka lita huɗu ne da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma a babban titi inji na shan mai fiye da yadda ka saba a cikin gari. Ni ba na barin kilomita 100 ya wuce ban cika ba, ko da allura tana nuna rabi. Manyan wuraren hutu irin su Machap, Pagoh, Ayer Keroh, Tapah da Sungai Perak su ne madogararka, amma ƙananan wuraren tsayawa da yawa banɗaki da shago kawai gare su, ba gidan mai. Wannan dokar ta kilomita 100 ita ce kuma za ta tilasta maka sauka ka miƙe ƙafa, ka sha ruwa, ka wanke fuska. Kowane babban wurin hutu na da masallaci mai tsabta da wurin alwala. Kai matafiyi ne, ka yi ƙasaru, ka haɗa azahar da la'asar a tsayawa ɗaya. A Tapah ka sayi gwaiba yankakkiya, ta fi maka lemon kwalba.

Ƙananan babura galibi gefen titi suke bi, layin da aka ware don motar da ta lalace. To motar da ta lalace tana nan kuwa, wani lokaci tirela ce a tsaye bayan kwana, babu fitila babu alama. Ga ɓallin taya, ga tsakuwa, ga ƙusa. Shi ya sa ba na tafiyar dare a titin nan ko an biya ni. Sai kuma mahaɗu. Tun da a nan hannun hagu ake tuƙi, duk motar da za ta fita daga babban titi ta gabanka za ta gitta, duk wadda za ta shigo ma haka. Kafin kowace mahaɗa ka rage gudu, ka juya kanka ka duba ta kafaɗar dama, madubi kaɗai bai isa ba. In bas ko tirela ta zo wuce ka, iskarta za ta fara tura ka waje, sannan ta jawo ka ciki bayan ta wuce. Wannan turin ya fi duk wanda za ka ji a kan gada, kuma za ka sha shi sau ba adadi kafin ka ga teku. In ka iso Batu Kawan ka riga ka koyi iska.

Bayan Ipoh hanya tana hawa duwatsu, ka shiga ramin Menora, wanda tsawonsa kusan mita 800 ne, sannan ka fito a doguwar gangara mai kwana-kwana zuwa kogin Perak. Manyan motoci suna wahala a wurin nan, hawa da sauka. Ka ɗaga gilashin hularka in mai duhu ne kafin ka shiga ramin, ka kuma bar tazara.

Da ni ne kai, ranar farko in kwana a wajen Kuala Lumpur, rana ta biyu in kwana a Kuala Kangsar ko Taiping, in haye gadar da hantsin rana ta uku.

'Yar Katsina ta amsa:

Ƙanena, ni dai ba zan yi maka kara ba, ban so tafiyar nan a kan babur. Duk abin da Malam ya faɗa a sama gaskiya ne, na kuma ga da kulawa ya faɗe shi, amma ka sake karanta inda ya yi maganar tirela a tsaye a gefen titi.

Mun taɓa zuwa duba wani ɗalibi ɗan'uwanmu a asibiti, irin wannan ce ta same shi da daddare, kuma tafiyarsa ba ta kai rabin taka ba. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafarsa sai da aka sa mata ƙarfe, karatu ya tsaya, kuɗin asibiti kuma ga baƙo ba ɗaya yake da na ɗan ƙasa ba. Matan unguwarmu ne suka riƙa karɓa-karɓar dafa masa abinci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da aka kira mahaifiyarsa ta bidiyo, tana kallon ɗanta a gado, ba ta da hanyar zuwa. A ƙasar nan kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke mutuwa a hatsarin hanya masu babur ne. Titunan suna da kyau, shi ya sa kowa ke gudu.

In ganin ƙasa kake so, akwai jirgin ƙasa na ETS daga KL Sentral zuwa Butterworth, awa huɗu da wani abu, yana bi ta Ipoh da Taiping, kana zaune kana kallon duwatsu da gonakin kwakwar manja ta taga. Kana sauka tashar jirgin ruwa tana nan manne da ta jirgin ƙasa, ka tsallaka George Town, babban birnin tsibirin. In ka isa, abokinka ya ɗauke ka a mota ku hau gadar ku dawo, ka gan ta son ranka.

In kuwa ka riga ka ƙudurta, to ga abin da nake roƙonka. Kana da lasin B2 na nan ƙasar, wato na tuƙa ƙaramin babur? In ba ka da shi ka bar maganar, don in wani abu ya faru inshora za ta iya juya maka baya. Takardar harajin hanya da inshorar babur ɗin su kasance da rai, kuma da sunanka, ba da sunan wanda ya sayar maka ya koma gida ba. Fasfo da takardar zamanka na ɗalibi su kasance a jikinka cikin leda. Ka duba kalanda, kada tafiyarka ta faɗa kan hutun Sallah, ko sabuwar shekarar 'yan Sin, ko Deepavali, ko hutun makarantu, lokacin da kowa ke komawa ƙauyensu titin ya cika. Ka kunna wa wani ɗan'uwa wurin da kake a waya tun daga fita har isa. Sannan ka gaya wa mahaifiyarka kafin ka tafi, ba bayan ka dawo ba. In ta ce a'a, to a'a ɗin ce.

Na Serdang ya amsa:

Hajiya ta yi magana, kuma ba wanda zai ja da ita a kan batun lasin da izinin mahaifiya. Amma ni ina ganin tafiyar mai yiwuwa ce in an shirya, LC135 babur ne mai juriya.

Bahaɗeje, masaukinka na daren farko yana wurina. Muna da yawa a nan Serdang kusa da jami'ar UPM, akwai katifa, kuma ba za a rasa tuwo ba. Daga Skudai zuwa nan kilomita 300 ne da 'yan kai, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya ta Seremban. Da safe ni zan raka ka a kan nawa babur har mu fita daga rikicin titunan Kuala Lumpur, in sa ka a hanyar Rawang in juyo. Wurin nan ne baƙo ke ɓata, titi a kan titi, ga kuma ramin SMART da aka hana babur shiga sam. Ka sa Waze ɗinka, manhajar nuna hanya, a tsarin babur tun daga gida.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne kwana biyu a hanya. Ɗalibi ne, kuɗin otal ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. In ya bar Serdang gari na wayewa, abin da ya rage bai kai kilomita 400 ba, ko da tsaye-tsaye zai iya isa Batu Kawan wajen azahar, kafin ruwan yamma.

Babur ɗin kuma ka kai shi wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in an taɓa wani abu ya ba da matsala ka gani tun kana gida. A juye baƙin mai. A duba ruwan lagireto, don naka mai sanyaya inji da ruwa ne kuma zai yi awoyi yana aiki ba hutu. A duba sarƙa da haƙoran da take bi, a ɗaure ta daidai, ka sayi ɗan gwangwanin man fesawa ka riƙe, don ruwan sama na wanke ta. Birki gaba da baya, fulogi, fitilar baya. Sannan ka durƙusa ka kalli tayoyinka da kyau. Samarin nan suna son sa wa irin wannan babur wasu siraran tayoyi don ado, kuma babur na hannu sau da yawa da su yake zuwa. In su ne a naka, cire su ka sa masu faɗin da kamfani ya tsara.

Jikinka kuma: hular kwano mai rufe haɓa da farin gilashi, safar hannu, takalmi sau-ciki, riga mai kauri ko da ana zafi. Rigar ruwa ka sayi mai riga da wando. Mai kama da mayafi ɗin nan tana kama iska, kuma bakinta na iya shiga sarƙa. Kaftanin da za ka sa ranar biki ka naɗe shi a leda biyu a cikin jaka.

Bahaɗeje ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na ji maganarki har cikin raina. Ina da B2, a makarantar koyon tuƙi ta nan na yi, kuma takardun babur an mayar da su sunana. Na kira Inna jiya na yi mata bayani, ta ce in je amma kada in yi tafiyar dare, kuma in kira ta duk inda na sauka. Na duba taya kamar yadda Na Serdang ya ce, ta baya siririya ce kuwa, ranar Asabar zan canza. Na karɓi masaukin, Allah ya saka.

Malam Tsohon Mahayi, saura abu biyu. In ina tsakiyar gada ruwa ya sauko fa? Sannan a dawowa ita zan sake bi?

Tsohon Mahayi ya amsa:

Madalla da Inna, sharaɗinta shi ne nawa.

Lissafin Na Serdang na yarda da shi, amma da iyaka. In ƙarfe biyu na rana ta yi ba ka wuce Taiping ba, ko ka ji idonka ya fara nauyi, ko ka ga gabanka ya yi baƙi, ka shiga Taiping ka nemi ɗaki mai araha ka kwana. Garin ma ya shahara da ruwan sama a duk ƙasar. Ka ware kuɗin wannan ɗakin daban tun daga Skudai, don kada rashinsa ya sa ka matsa wa kanka. Saboda haka ka fito da kwana ɗaya a hannu kafin ranar bikin.

Maganar ruwa, kafin ka hau ake yanke ta. A babban titi in ruwa ya kama ka akwai mafaka a ƙarƙashin gadojin sama, za ka ga alamar lema, ka tarar da masu babur sun taru suna sa rigar ruwa, ka raɓa cikinsu. A kan teku kuwa in ka shiga sai ka fita ta ɗaya bakin. Don haka in ka iso Batu Kawan ka tsaya ka cika tanki, ka kalli yamma. In kana ganin duwatsun tsibirin sarai, bismillah. In sun ɓace a cikin toka-toka, ko ka ji iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ka zauna. Akwai IKEA da manyan shaguna a wurin, ba za ka rasa inda za ka fake ka sha shayi ba, kuma ruwan nan yawanci da ƙarfi yake zuwa ya wuce da wuri. Na la'asar shi ne aka fi sani, amma daga wajen Afrilu zuwa Nuwamba akwai wata guguwa da ke tasowa daga ɓangaren Sumatra cikin dare ko da sassafe. Shi ya sa nake ta cewa hantsi, daga ƙarfe tara zuwa azahar.

In duk da haka ya riske ka a tsakiya, kada ka taka birki ka tsaya cak, na bayanka ba ya ganinka sosai. Ka rage gudu a hankali, ka ƙara tazara, ka guji hawa kan fentin titi da haɗin ƙarfen nan a karkace, ka ɗan ɗaga gilashin hula kaɗan don kada numfashinka ya rufe shi. Ka bi fitilar bayan wanda ke gabanka daga nesa har ku sauka.

A dawowa ina so ka bi jirgin ruwa. Tun watan Agusta na 2023 sababbin jirage ke aiki tsakanin George Town da Butterworth, kuma mutane da babura da kekuna kawai suke ɗauka, ba mota. Ka tura babur ɗinka ciki, ƙetarawar ba ta kai minti ashirin ba, kuma daga nan za ka hango gada ta farko a miƙe ta kudu. Kafin ka shiga ka yi salla a masallacin Kapitan Keling, wanda Musulmin Indiya 'yan kasuwa suka kafa tun farkon ƙarni na 19, yana kusa da tashar. A unguwar akwai masu nasi kandar, shinkafa da miya iri-iri, Musulmi ne, ka ci hankali kwance. Abincin gefen titi na sauran wurare kuwa ka tambaya tukuna, don wasu da man alade suke suya.

Ranar da za ka iso, in ka tsaya shan mai a wurin hutu na Gunung Semanggol ka turo mini saƙo ta akwatin sirri, zan ba ka lambata kafin nan. Daga gidana zuwa Batu Kawan ba nisa. Zan jira ka a gidan mai, in shiga gaba ka biyo ni har Batu Maung, daga nan in nuna maka hanyar Gelugor.